Rabin Lemar Jalo

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Kuyambana ta Zariya ya san teburin Malam Aƙilu tela, a bakin zauren gidansu, daura da rijiyar masallaci. Wata huɗu ke nan da aka shigar da teburin ciki, amma har yau in ƙaramin jirgin 'yan koyon tuƙi ya biyo ta kan ganuwa, mutum kan sami kansa yana waiwayar wurin. Da Malam Aƙilu ya ji ƙugin jirgi, ƙafarsa kan tsaya cik a kan keken ɗinki, ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga wata unguwa, ba ya ci gaba sai ƙarar ta ɓace. Baƙi kan yi mamaki, 'yan unguwa sun saba. In aka tambaye shi, sai ya ce, "Ina ji ne ko namu ne."

Gidansu gidan karatu ne, amma shi allo bai karɓe shi ba. Ya kai izu goma ya cije, mahaifinsa Malam Yakubu ya gaji ya miƙa shi ga kawunsa a Ƙofar Galadima ya koyi ɗinkin babbar riga. Can ya zauna tabarma ɗaya da ɗan kawun, Bahago, taubashinsa, wanda suka yi shekara sittin suna zagin juna ba wanda ya taɓa yin fushi. Can kuma ya san Jalo, wani dogon saurayi ɗan Tukur-Tukur da ke kawo musu zaren tsamiya, mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya a sha fura a ƙare.

Jalo ne ya ja shi soja, zamanin yaƙin Hitila, don ya ji an ce Turawa na koya wa soja tuƙin mota. Su biyun ba wanda ya taɓa sitiyari har aka gama yaƙin. Gammo aka ba su da adda. Aka sa su jirgin ruwa daga Ikko, suka yi sati shida suna amai, aka sauke su Indiya, daga nan sai Bama. Ba Bama ta Barno ba, yakan ce, wata ce can bayan duniya, inda gora ta fi rimi tsawo.

Kwarin da aka tura su, Kaladan, ba shi da hanyar mota ko ɗaya. Shinkafa, gishiri, harsashi, maganin zazzaɓi, har takalmi, duk daga sama suke zuwa. A sare daji a yi fili, a shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa don matuƙa su gani, sai manyan jiragen kaya su zo su yi ta kewaya suna turo kaya da lema. Da saje ya gane Aƙilu ya san yadi, sai ya sa shi cikin masu tattara lemomin suna ninkewa. A nan kunnensa ya koyi karatun da bai koya a allo ba. Jirgin kaya muryarsa kauri gare ta, kamar ana niƙa a maƙwabta. Ƙananan jiragen yaƙi da ke rako shi suna da tasu. Na Jafan kuwa siririya ce, kamar sauro a kunne, kuma wanda ya tsaya sai ya gani da ido kafin ya kwanta, to ya makara.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ana tsakiyar sakin kaya. Jiragen Jafan suka faɗo ta cikin rana, 'yan rakiya suka juya suka tare su, sama ta rikice. Aƙilu na kwance cikin rami yana kallon abin da bai taɓa iya bayyanawa yadda yake so ba. Yakan ce kamar shirwa da hankaki, sai kuma ya girgiza kai ya ce a'a, ba haka ba ne. Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar ya kama wuta, matuƙin ya yi tsalle, farar lemarsa ta buɗe ta je ta maƙale a kan wata bishiya ƙetaren rafi. An sauko da shi da rai, ƙafa a karye. Amma kafin nan wani jirgin Jafan ya yi ƙasa-ƙasa ya share filin da harsashi, sau ɗaya tak, ya wuce. Jalo na tsakiyar fili da buhun shinkafa a ka.

Musulmin da ke wurin suka ce a yi masa sutura kafin a tashi, don an ce la'asar za a bar wurin. Likkafani fa? Ga lemomin kaya nan tuli guda a gaban Aƙilu, na auduga, masu kaushi, duk taɓo da jirwayen mai. Ya dube su, ya dubi Jalo. Sai ya ɗauki addarsa ya ƙetare rafin, ruwa iya ƙirji, ya hau bishiyar nan ya yanko lemar matuƙin. Fara ce tas, santsi kamar ruwa, ba ta da nauyi ko kaɗan. Sojoji na cewa ta alharini ce zalla, don ran Bature ne ke rataye a jikinta. Shi kuwa yaron maɗinka ne, ya tashi ya ga duk wanda ake so a girmama, abu mai sheƙi ake ɗinka masa. Ya farke ɗinkin tsagi-tsagi, ya fitar da riga da rawani da zane da mayafi biyu, ya zare zare daga jikin yadin ya harhaɗa. Rabin da ya rage ya naɗe a cikinsa ƙarƙashin kaki, bai rabu da shi ba har ya sauka tashar jirgin ƙasa ta Zariya bayan shekara biyu.

Kafin ya shiga gidansu, Tukur-Tukur ya fara zuwa. Mahaifiyar Jalo, wadda kowa ke kira Iya, ba ta tambayi yadda ɗanta ya mutu ba. Abu ɗaya ta tambaya.

"An yi masa sutura?"

"An yi, Iya. Ni na yi da hannuna."

"Yadda addini ya ce? Kada ka ji tausayina, Aƙilu. Rantse."

Ya rantse. Ƙanwar Jalo, Mero, tana bayan ƙofa tana ji. Iya ta rayu shekara tara a kan wannan rantsuwa, ba ta sake ta da zancen ba. Mero kuma, bayan aurenta na fari ya mutu, ita ce ta zama matar Aƙilu, suka haifi 'ya'ya shida, huɗu suka rayu.

Bai koma ɗinkin hannu ba, ya ce idonsa ba ya jure ƙananan abubuwa. Keke ya saya, yana ɗinka kaftani da 'yar shara da kayan makaranta. Amma abin da aka fi saninsa da shi ba a keke yake yi ba. Duk gidan da aka yi rasuwa daga Kuyambana har Galadima, kafin a kira mai haƙa an kira Malam Aƙilu. Ba ya awo da tef. Kallo ɗaya yake yi wa mamaci, ya kama alawayyo ya yi kamu, ya tsaga, ya zare zare daga gefen yadin ya ɗinka da shi. Bai taɓa karɓar ko goro ba a kan wannan. Kowa kuma ya san nasa likkafanin na nan cikin adakar Mero, rabin lemar nan, don ya sha faɗa a gaban jama'a: "Ni da Jalo kaya iri ɗaya za mu tashi da su."

Haka aka yi ta tafiya har farkon shekarar 1991, lokacin da aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Zariya ta koma bakin rediyo. A kowane dakali gardama ake, masu shayi sun zama janar-janar. Malam Aƙilu bai sa baki ba, amma ya daina zama. Ya taka keke kaɗan ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo, ya buɗe rediyo, da an ce jirage sai ya kashe, jim kaɗan ya sake buɗewa. Wani ya tambaye shi, shi da ya ga yaƙi, wa zai ci? Ya ce, "Ku kuna ta zancen na sama. Ba wanda ya ce komai a kan na ƙasa mai buhu a ka."

Cikin wannan hali ne ya je karatun bayan la'asar a zauren liman. Ɗan liman ne ke jan karatun, Malam Mika'ilu, matashi mai natsuwa da bai daɗe da dawowa daga ƙaro ilimi ba. Ranar an iso babin jana'iza. Malam Aƙilu na jingine da bango yana gyangyaɗi-gyangyaɗi, don wannan babi a hannunsa yake, sai ya ji an ce, "An karhanta a yi wa mamaci likkafani da alharini. Namiji kuwa, wasu malamai sun ce haramun ne ɗungurungum, tunda da ransa ma ba a halatta masa ba."

Ya san namiji ba ya sa rigar alharini zalla, wa bai sani ba? Amma shekara arba'in da bakwai bai taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ba wanda ya taɓa kawo masa alharini ya ce a yi likkafani, balle zancen ya taso. Abin da ke cikin adaka kuma, a ransa ba riga ba ce, lema ce.

"Allah gafarta Malam," ya ce. "In an riga an yi fa?"

"Baba, wa ke da alharinin da zai ba ƙasa a garin nan?" Aka yi 'yar dariya.

"In an yi."

"In ba a sami wani yadi ba, larura ce, babu komai."

"In akwai fa? Tuli guda a gabansa, ya tsallake ya je ya nemo wancan."

Malam Mika'ilu ya ɗago daga littafin. Ya ga fuskar tsohon, sai ya sassauta murya. "Mamaci ba ruwansa, Baba. Abin na kan wanda ya yi ne. Ya so ya yi ado inda ba a ado. Ya nemi gafara, Allah mai yafiya ne."

Malam Aƙilu ya ce to, ya nemi takalmansa, ya sa su a karkace ya fita.

Gafara ya san hanyar nemanta. Abin da bai san yadda zai yi da shi ba ita ce rantsuwar. Tsohuwa ta ce kada ka ji tausayina, ya dubi idonta ya ce yadda addini ya ce. Ta tafi kabari da wannan. Ɗiyarta kuma na cikin gidansa tana dafa masa tuwo, makullin adakar na ɗaure a bakin zanenta.

Kwana tara ya yi a haka. Abinci ya ɗan taɓa ya ture. Ya kan fita da safe ya bi gindin ganuwa har Ƙofar Galadima, ya kai bakin lungun su Bahago, ya juyo. A rana ta shida aka yi rasuwa a gidan masu ƙira, aka kira shi, ya yi kamu ya tsaga, mayafin ya gaza da taƙi guda. Ba a taɓa ganin haka ba. Masu gidan suka kau da kai kamar ba su lura ba, aka kawo wani yadin. Da ya dawo ya zauna a keke bai taka ba, jirgi ya wuce, ko kai bai karkata ba. Wannan ya fi komai tayar wa maƙwabta hankali.

A rana ta tara ya shiga lungun. Bahago na zaune a zaure da wata riga a cinya, tabarau ɗaure da zare, yana soka allura da hagu.

"Soja, wa ya mutu? Kai ba ka zuwa sai da gawa."

"Kai na zo dubawa, in ga ko ka nuna."

"Ni zan raka ka da ƙafata, in dawo in ci gumbar uku. Zauna, kana tare mini haske. Kwana nawa ana ce mini an gan ka kana shawagi a lungun nan kamar ɓarawon akuya."

Ya zauna ya faɗa masa duka, har da rantsuwar. Bahago bai daina ɗinki ba sai da aka zo ƙarshe, sannan ya soke allurar a hularsa.

"Wa ya ce maka alharini ne?"

"Kowa. Duk bataliya."

"Bataliyar 'yan dako. A cikinsu wa ya taɓa riƙe alharini? Ka ƙona zare ka gani?"

"A'a."

"Shekara arba'in da bakwai. Rana ɗaya Baba ya koya mana, kana zaune nan inda kake. Ido na ƙarya, hannu na ƙarya, wuta ba ta yi. Auduga ta ci bal ta bar farin toka. Alharini ya nannaɗe ya yi ƙaurin gashi, kamar ana babbaka kan rago, ka murza ya zama gari. Ko wannan ma ka bar shi a Bama?"

"Ban manta ba. Hancina ne ban yarda da shi ba. Abin da nake so shi zai gaya mini."

Bahago ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau. "To kawo shi. Nawa hancin ba ya son ka."

Kawowar ita ce aikin. Washegari da hantsi Mero na tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, ya zo ya tsaya a kanta, ya koma, ya sake dawowa.

"Malam, ko ka zauna ko ka fita. Kana sa ni ina mayar da tsakuwa cikin shinkafa."

"Ba ni makullin adaka."

Hannunta ya tsaya. "Wani abu ka ji a jikinka?"

"Lafiyata lau."

"To me za ka yi da likkafani da safiyar Allah?"

Da ya so, da ya ce iska zai sha. Ya yi tunanin hakan a hanya. Amma ya ga in ya faɗa, ƙarya ta zama biyu a gida ɗaya. Sai ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya gaya mata abin da Malam Mika'ilu ya karanta, da tulin lemomin auduga da ya tsallake, abin da bai taɓa gaya wa kowa a gidansu ba. Mero ta ajiye faifan. Kaji suka zo suna ci, ba ta kore su ba.

"Iya ta rantsar da kai," ta ce.

"Ta rantsar."

"Ina bayan ƙofa."

"Na sani. Na ga ƙafarki."

Ta taɓa makullin da ke bakin zanenta. Can ta ce, "Ba za a fita da shi ba. Rabi na can wata duniya, wannan rabin ba zai yi yawo a gari ba. Bahago ya zo nan. Kuma a gabana za a yi."

Bahago ya iso bayan azahar yana mita, wai an sa tsoho tafiya a rana saboda ƙyalle. Aka shimfiɗa tabarma a soron ciki. Mero ta fito da ƙunshin da kanta, ta warware tsohon zanen da ta naɗe shi da shi, ƙamshin kafur ya cika wurin. Yadin ya ɗan yi ruwan ƙwai a wuraren ninki, amma ya zubo daga hannunta kamar yau aka yanko shi. Bahago ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai kusa da ido, ya taɓe baki.

"Zaro," ya ce.

Malam Aƙilu ya kama gefen yadin. Wannan abu ya yi shi a kan gawa ta fi dubu, amma sai da ya yi sau uku kafin farcensa ya kama zare. Ya jawo shi a hankali, tsawon kamu ɗaya, ya miƙa. Bahago ya naɗe shi a yatsa ya bar bakin na lilo. Mero ce ta ƙyasta ashana.

Zaren bai jira wutar ta taɓa shi ba. Ya tsuke ya gudu sama, ya narke, wani ɗigo baƙi ya faɗo a bayan hannun Bahago. Ya yarfe hannu yana tsaki, ya kai hanci, ya shaƙa, ya sake shaƙa. Sannan ya ɓanɓare ɗigon ya sa a tafin hannu ya danna da farce. Bai fashe ba, tauri gare shi kamar ƙwayar gero.

Kafaɗunsa ne suka fara rawa kafin dariyar ta fito.

"Mene ne?" in ji Malam Aƙilu.

"Ka ji ƙaurin gashi?"

"Ban sani ba. Kai za ka faɗa."

"Nailan ne, Soja. Roba. Irin na gidan sauro. Shekara arba'in da bakwai kana gadin gidan sauro, ka sa baiwar Allah tana zuba masa kafur."

"A wancan zamanin ina aka ga nailan?"

"Turawa suna da shi. Sai da suka gama yayinsa suka kawo mana. Kai da ka ce har takalmi daga sama suke jefo muku."

"A sake."

Aka sake, daga wani tsagin daban. Aka sake na uku, don ya ce wataƙila gefe ne kawai. Duk ɗaya: zaren ya gudu, ya narke, ya bar baƙin ƙullutu. Malam Aƙilu ya jera ƙullutun uku a kan tabarma yana kallo. Ya yi hamdala ƙasa-ƙasa.

"Rantsuwarka ta tsaya da ƙafarta," in ji Bahago, yana goge ido. "Fari ne, mai tsarki ne, ya rufe. Je ka tambayi yaron liman in ka ga dama. Kai dai an cuce ka, ka ƙetare rafi a kan abin da ko gara ba ta ci. Wannan ka binne shi shekara ɗari, ka tono shi yana nan."

Sai da maganar ta fita Bahago ya ji nauyinta. Ya rufe baki. Malam Aƙilu ya ɗago a firgice, don wani sabon abu ya buɗe a gabansa: Jalo can ƙarƙashin gora, ƙasa ta gama da shi, yadin ya ƙi tafiya. Ya juya ga Mero yana neman abin da zai ce.

Ita Bahago take kallo. "Ƙasa ba ta cin sa?"

"Mero, bakina ne, kin san..."

"Tambayarka na yi."

"Ba ta ci."

"Ko da ruwa?"

"Ko da ruwa."

Ta jawo yadin kan cinyarta tana shafawa. "Malam ya ce can Bama wata biyar ake yi ana ruwa ba ɗaukewa. Tun da ya faɗa, duk damina in aka yi kwana biyu ana zubawa, ba na iya barci. In ce yanzu abin nan marar kauri ya daɗe da narkewa, Yaya na kwance haka nan a ƙasar mutane, ba kowa nasa." Ta ninka gefe ɗaya a kan ɗaya. "Ashe a rufe yake."

Bahago ya cire tabarau ya shiga gyara zaren da ba abin da ya same shi.

Da za a ce daga ranar Malam Aƙilu ya sami natsuwa, da labarin ya fi daɗi, amma waɗanda suka zauna da shi sun san ba haka aka yi ba. Ya koma cin abinci, kunnensa ya koma kan jirage. Sai dai ya kan tsaya tsakiyar ɗinki ya ce wa duk wanda ke kusa, ba tare da an tambaye shi ba, "Wuta ta wanke yadi, ba ta wanke ni ba. Ni alharini na hau bishiya nema." Malam Mika'ilu ya zo har teburinsa ya ce masa ai ƙauna ce ta sa, kuma Allah Ya tsare shi daga abin da ya nufa, wannan ma rahama ce. Ya ce, "Na ji, Malam," ya ci gaba da taka keke. Bayan kwana biyu ya sake ta da zancen.

Ana sauran sati a fara azumi ya sayo alawayyo, irin wanda yake yanka wa kowa. Ya tsaya a tsakar gida ya yi wa kansa kamu, ya tsaga guda biyar, ya zare zare ya harhaɗa. Mero na kallo daga bakin murhu.

"Kaya iri ɗayan fa?" ta ce.

"Na fasa. Ni ƙasa ta cinye ni da nawa, a wuce wurin."

"To ni ka ba ni. Yayana ne kafin ya zama abokinka."

Ya dube ta, irin kallon nan guda ɗaya da kowa a unguwar ke tsoro, sai ya yi sauri ya kau da kai. "Ba zai kai bakwai ɗin mace ba. Mayafi biyu zai bayar."

"Su nake so."

Ya yanka mata, ya ɗinka, ta mayar adaka. Shi ne ɗinkin hannu na ƙarshe da ya yi da ba a kan gawa ba.

Ya rasu cikin damina, ranar wata Talata da hantsi, bayan zazzaɓin kwana uku. Da aka zo sutura mutane suka tsaya cirko-cirko, kowa na jiran a kira Malam Aƙilu, sai da Bahago ya daka musu tsawa ya ce a buɗe adaka, mutumin ya gama aikinsa tun kafin azumi. Mayafin ya zo daidai, ba ragi ba ƙari. Bahago ya raka shi da ƙafarsa kamar yadda ya ce, amma ranar uku da aka miƙa masa gumba, ya riƙe ta a hannu har aka watse.

Mero na nan. Tun da ruwa ya ɗauke take fito da mayafan nan biyu ta shimfiɗa a tsakar gida su sha rana, ta danne gefunan da duwatsu. An gaya mata ba sa buƙata, abin da ko gara ba ta ci. Jiya ma ta shimfiɗa. Jirgin 'yan koyo ya zo ya kewaya ta kan unguwar sau biyu, ƙasa-ƙasa, har ana ganin inuwarsa a kan farin yadin. Masu ɗiban ruwa a rijiyar masallaci duk suka ɗaga kai. Ita tana zaune a gefe da faifai, ta tsayar da hannu, ta karkata kai, har ƙarar ta ɓace.